Kindirmo da Tuffa: Abin Taɓawa Mai Ƙarancin Kalori a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Daga cikin abubuwan da masana abinci mai gina jiki suka fi ba da shawarar a riƙa taɓawa tsakanin abinci da abinci, ko a rufe ciki da su bayan an ci mai nauyi, a maimakon soye-soye da kayan zaƙi, akwai haɗin yogot da tuffa, wanda ya samu karɓuwa a ƙasashen Turai da Amurka saboda yana ƙosarwa ba tare da ya ɗora wa jiki kuzarin da ya wuce buƙatarsa ba. Ma'aunin wannan kuzari shi ake kira kalori, wato adadin ƙarfin da jiki yake samu idan ya narkar da abinci, kuma akan ɗauki kalori 2,000 a matsayin abin da matsakaicin baligi yake buƙata a rana, ko da yake mai aikin ƙarfi yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. A yankin noman rani na Kura da Bunkure, kudu da birnin Kano, rabin wannan haɗi ɗan gida ne tun kaka da kakanni, domin kindirmon da matan Fulani suke kawowa kasuwa a ƙwarya ɗan'uwan yogot ne na jini, alhali ɗaya rabin, wato tuffa, baƙuwa ce da take tsallako teku kafin ta iso faifan mai talla. Wannan bambanci na asali shi ne yake yanke hukunci a kan wanda zai iya cin haɗin a kullum da wanda sai dai ya ɗanɗana shi jefi-jefi, kuma shi ya sa ya dace a duba abin da gonakin yankin da kansu suke iya sakawa a gurbin tuffar.

Yankin ya samu kamanninsa na yanzu ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta babbar magudana zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, inda yake gangarawa da kansa cikin ƙananan magudanu ba tare da an tura shi da inji ba. Kashi na farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da shi. Bayan shekaru na lalacewar magudanu, an yi masa gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa su ne suka fi yi wa yankin suna, kuma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya san kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da masarar garin Ƙarfi, amma a tsakanin waɗannan manyan amfanin gona ana noma kankana da kokwamba da karas, sannan a gefen gonaki da bayan gidaje akwai bishiyoyin mangwaro da goba da gwanda. Ragowar amfanin gona kuwa, irin su bambaron shinkafa da karan masara da harawa, suna jawo garken shanu zuwa yankin, abin da yakan haddasa saɓani tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, amma shi ne kuma dalilin da ya sa madara da kayan marmari suke haɗuwa a kasuwa ɗaya.

Hausawa sun daɗe da bambance nau'o'in abin da ake samu daga saniya, kuma wannan bambanci yana da amfani kai tsaye ga mai ƙidayar kalori. Madara ita ce wadda aka tatso ba ta yi tsami ba. Kindirmo shi ne madarar da aka dafa, aka bar ta ta huce zuwa ɗumi, aka zuba mata ɗan kindirmon jiya, aka rufe ta kwana har ta daskare da dukkan maiƙonta a ciki. Nono kuwa, a ma'anarsa ta kasuwa, shi ne wanda aka kaɗa bayan ya yi tsami aka kwashe man shanunsa, idan kuma aka tsinka shi da ruwa har ya rasa kauri sai a kira shi tsala. Abin da yake faruwa a cikin ƙwaryar a tsawon dare aiki ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, masu cinye wani ɓangare na sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos, su mayar da shi sinadari mai tsami da yake sa furotin ɗin madarar ya dunƙule. Yogot na masana'anta ya bambanta da kindirmo ne ta fuskar cewa a can ana zaɓen nau'i biyu tabbatattu na waɗannan halittu, ɗayansu shi ne wanda ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano a 1905, a kuma riƙe madarar a ɗumin digiri 40 zuwa 45 na wasu sa'o'i, alhali kindirmo yana dogara da gaurayen halittun da suka saba da ƙwaryar kowace mace, shi ya sa ɗanɗanonsa yake bambanta daga ruga zuwa ruga.

Giram 100 na yogot marar sukari da aka yi da cikakkiyar madara yana ɗauke da kalori kusan 61 da furotin giram 3.5, tare da kalsiyam, sinadarin da ƙashi da haƙori suke buƙata. Kindirmon gargajiya yakan ɗan haura wannan adadi, saboda madarar shanun gida irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji ta fi ta shanun Turai maiƙo ko da yake ba ta kai ta yawa ba, nonon da aka cire wa mai kuwa yana sauka zuwa wajen kalori 40. Ke nan mai son rage ƙiba yana da zaɓi biyu a gaban mai tallar nono ɗaya, kuma kowanne yana da hujjarsa: nono ya fi sauƙin kalori, kindirmo kuma ya fi riƙe ciki, domin maiƙo da furotin suna jinkirta dawowar yunwa. Akwai wata fa'ida kuma da mutane da yawa suka sani a jikinsu ba tare da sun san dalilinta ba. Manya da dama ba sa iya narkar da laktos, sai madarar da ba ta yi tsami ba ta sa musu kumburin ciki da gudawa, kuma binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 a kan ƙabilun Najeriya ya nuna cewa Fulani makiyaya sun fi sauran jama'a iya narkar da shi. Tun da tsamin kindirmo yana rage wannan sukari, halittun da ke cikinsa kuma suna taimakawa wajen narkar da sauran, mutane da yawa da madara take damu suna shan kindirmo lafiya lau.

Ita tuffa asalinta duwatsun tsakiyar Asiya ne, a yankin da yake ƙasar Kazakistan a yau, kuma bishiyarta tana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani a kowace shekara kafin ta yi fure yadda ya kamata, sanyin da hunturun Kano, duk da hazonsa, ba ya bayarwa. A Najeriya ana gwada nomanta a wurare masu tudu da sanyi irin su Jos da tsaunin Mambila, amma abin da ake samu can bai kai ya cika kasuwa ba, don haka mafi yawan tuffar da ake gani a kwali shigo da ita ake yi, musamman daga Afirka ta Kudu, inda ake nomanta a yankunan Ceres da Elgin da Langkloof. Takan shafe makonni a cikin kwantena mai sanyi a kan teku, ta sauka a Legas, a ɗauko ta a mota zuwa kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su sara su kai ta Kura da sauran garuruwan kan hanya. Kowane mataki na wannan tafiya yana ƙara mata kuɗi, farashinta kuma yana hawa duk lokacin da darajar naira ta faɗi, shi ya sa a gidaje da yawa aka fi saninta a matsayin tsarabar dubiya da ake kai wa marar lafiya ko mai jego.

Bai kamata tsadarta ta sa a tauye mata haƙƙi ba. Giram 100 na tuffa da ɓawonta yana da kalori kusan 52 da giram 2.4 na faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda yake cika ciki, ya sauƙaƙa bayan gida, ya kuma hana sukari shiga jini a guje. Tana buƙatar tauna, mai tauna kuwa yakan ƙoshi kafin ya ci da yawa, sannan tana jure kwanaki ba tare da firji ba, abin da gwanda ko yankakkiyar kankana ba za su iya ba. Sai dai idan aka jera ta da kayan marmarin yankin, fifikonta ba ya kai yadda sunanta ya kai. Kankana tana da kalori 30 kacal a giram 100, gwanda 43, mangwaro 60, kokwamba kuwa 15. Goba, wadda yara suke tsinka a bayan gida ba tare da an ɗauke ta da muhimmanci ba, tana da kalori 68, amma faibarta ta ninka ta tuffa fiye da sau biyu, bitamin C ɗinta kuma ya haura miligiram 200 a giram 100, alhali na tuffa bai kai miligiram 5 ba. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai ga cewa a Kura da Bunkure goba ce ta fi cancantar zama abokiyar kindirmo ta yau da kullum, tuffa kuma ta zama ta ranar da hali ya yi.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa su ita ce a wanke tuffar da kyau, a yanka ta ƙanana da ɓawonta, domin kaso mai yawa na faibar yana cikin ɓawon, a zuba a cikin kindirmo mai sanyi kimanin giram 150, wanda bai cika ƙaramin kofi ba, a barbaɗa garin kirfa ko ɗan garin citta. Idan tuffar ta kai giram 100, wannan kwano bai wuce kalori 150 zuwa 170 ba. Yankakkiyar tuffa takan yi duhu idan iska ta taɓa ta, saboda wani sinadari da ke cikinta yana haɗuwa da iskar, kuma ɗigon lemon tsami ko tsamin kindirmon da kansa yana jinkirta hakan. Wanda haƙoransa suka yi rauni, ko wanda yake son abin da ya fi kama da kayan zaƙi na bayan abinci, yana iya dafa yankan tuffar da ruwa kaɗan da sandar kirfa da ƙwayar kanumfari ɗaya ko biyu har ta yi laushi, ya bar ta ta huce sosai, sannan ya ɗora mata kindirmo, domin dafuwa tana fito da zaƙinta ba tare da an ƙara sukari ba. Dole ne a bari ta huce, saboda zafi yana tsinka kindirmo yana kuma kashe halittun da ke cikinsa. Goba ma tana karɓar irin wannan dafuwa, sai a tace 'ya'yanta da rariya a samu kauri mai ƙamshi.

Akwai dabarar da ta shahara a ƙasashen Sham da Girka, wadda ba ta buƙatar komai sai tsabtataccen farin ƙyalle: a zuba kindirmo a ciki, a ɗaure, a rataye a wuri mai sanyi na wasu sa'o'i har ruwansa ya tsiyaye. Abin da ya rage yana da kaurin da za a iya shafa shi a kan yankan tuffa ko a tsoma karas da kokwamba a cikinsa, furotin ɗinsa ya fi yawa a kowane cokali, amma kalorinsa ma ya ƙaru, don haka kaɗan ake ci. A gidan da ake da firji da wutar da za ta riƙe shi, ana iya markaɗa kindirmo da nunannen mangwaro, a zuba a ƙananan kofuna su daskare, a samu abin da zai maye gurbin askirim a lokacin zafin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi yake kaiwa digiri 40 mangwaro kuma yake fara cika kasuwa. Kokwamba da aka goga a cikin kindirmo da ɗan gishiri da na'ana'a, kamar yadda ake yi a Turkiyya da Indiya, ta dace da wanda zaƙi bai dame shi ba, kuma tana sanyaya ciki a lokacin buɗa-baki. Gwanda da abarba suna buƙatar kula ta musamman, domin suna ɗauke da sinadaran da suke narkar da furotin, idan aka bar su suka daɗe a cikin kindirmo sai ya tsinke ya yi ɗaci, saboda haka a haɗa su ne a lokacin da za a ci. Kankana kuma tana sakin ruwa, gara a ajiye ta a gefe ana ci ana kurɓar kindirmon.

Wurin da lissafin yake rushewa shi ne sukari. Kowane giram ɗaya nasa kalori 4 ne, babban cokali ɗaya kuma yana ɗaukar kimanin giram 12, ke nan cokali biyu da akan zuba a kofin nono ba tare da tunani ba suna ƙara kusan kalori 100, kusan daidai da na kindirmon da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ga mai buƙatar kalori 2,000, kuma ta ce saukar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Zuma, duk da darajarta a al'ada da addini, tana cikin wannan lissafi, haka ma ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse. Dabino yana da kalori kusan 280 a giram 100, gyaɗa kuma ta haura 560, don haka dabino ɗaya da aka yayyanka ko ƙaramin cokali na dakakkiyar gyaɗa ko riɗi sun isa su ƙawata kwano. Yawancin yogot na roba da ake sayarwa a shaguna da tashoshin mota an riga an zuba masa sukari, da yawansa kuma da madarar gari ta waje ake yin sa, saboda haka ya wajaba mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin robar, ya nemi marar sukari, ya kuma duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Ita fura da nono, wadda ita ce haɗin da aka fi sani, cikakken abinci ce saboda geron da ke cikinta, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin abin taɓawa a sha ta a kan tuwo.

Dalilin damuwa da wannan lissafi a fili yake. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne suke ɗauke da ciwon a Najeriya, kuma Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da makamantansa. Dillalin shinkafa da yake wuni a zaune a rumfa, da direban da yake jigila tsakanin Kura da Kano, da ma'aikacin ofis, da uwargidan da shekaru suka fara ja, su ne waɗanda musanya fanke da cincin da dubulan da lemon kwalba da kwanon kindirmo da goba zai yi wa amfani na gaske, tun da kowane giram na man suya kalori 9 ne, babban cokalinsa ɗaya kuma ya kai 120. Mai ciwon sukari yana buƙatar ya tuna cewa 'ya'yan itatuwa ma suna da nasu sukarin, cewa na kankana da nunannen mangwaro ya fi saurin shiga jini a kan na tuffa da goba, kuma gwargwadon abin da zai ci magana ce tsakaninsa da likitansa.

Sai dai zalunci ne a ɗauki wannan shawara a shimfiɗa ta a kan kowa. Ɗan ƙwadagon da yake dashen shinkafa cikin ruwa tun hantsi, da matan da suke turara shinkafa suna shanya ta a rana, da yaran da suke tasowa, ba ragin kalori suke nema ba, ƙari suke nema. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya haura rabi. Ga irin waɗannan yara, kindirmo mai cikakken maiƙo da mangwaro ko gwanda da dakakkiyar gyaɗa shi ne daidai, kuma abin takaici ne a ga gidan da yake da saniya yana sayar da dukkan nononsa ya sayo wa yara biskit da alewa. Jariri kuwa nonon uwa zalla ne abincinsa har wata shida, zuma kuma ba a ba shi sai ya cika shekara.

Abin da ya rage shi ne tsabta da sanyi, waɗanda su ne suka fi wahalar samu a kasuwar karkara. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na cutar da take sa shanu ɓari mutane kuma zazzaɓi mai dawowa, kuma tsami shi kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe su, wanda hakan ya ba kindirmon da aka dafa madararsa fifiko a kan nonon da aka bari ya yi tsami ɗanye. Ruwan da ake tsinka nono da shi da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki su ma ƙofa ce ta cuta idan ba a san tushensu ba, kayan marmarin da aka ɗebo daga gona kuma a wanke su da ruwa mai tsabta, ba da na magudana ba. A lokacin rani, sa'ad da kankana da kokwamba suke yawaita, a lokacin ne madara take ƙaranci, domin saniyar gida da ƙyar take ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana, kuma a nan ne wasu masu talla suke ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka don nonon ya yi kauri. Garin kukar ba aibu ba ne, yana ma da bitamin C mai yawa, matuƙar mai saye ya san abin da ya saya. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana tsawaita kwanakin goba da tuffa da kokwamba, amma sanyinta ba ya sauka ƙasa da digiri 5 da kindirmo yake buƙata idan za a ajiye shi, don haka inda babu firji a sayi na yini a shanye a yinin. Cibiyoyin tattara madara da shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano ya fara ginawa da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, da kamfanoni irin su L&Z da suke sayen madara daga makiyaya, da cibiyar inganta irin shanu ta Kadawa, duk suna nufin ƙara yawan madarar gida da isar da ita kasuwa da sanyinta, kuma gwargwadon yadda suka kai ga rugagen da ke kewaye da Kura da Bunkure, gwargwadon yadda kindirmo mai tsabta marar sukari zai samu a watannin rani da farashin da talaka zai iya biya.